MURFIN BUT MAI BUƊE KANSA, DA YADDA ZA A YI SHI DA ARAHA

Maganarmu ta wannan wata ta mota ce, ga kuwa mafarinta.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi yara, wani dattijo daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya tsai da ni a bakin ƙofa, ransa a ɓace. Ya ce ɗansa, wanda ke aikin gareji a nan Bronx, ya sayi wata tsohuwar Ford wadda ta girmi kakansa, yau shekara biyu ke nan duk abin da ya samu cikinta yake zubawa. Yanzu kuma wai so yake ya sa mata abin da zai riƙa buɗe murfin but da kansa in an danna maɓalli, an kuwa gaya masa kuɗin ya kai ɗaruruwan daloli. Ya ce, "Malam, ka yi masa magana mana. Hannunsa ne ya karye da ba zai iya ɗaga murfi ba?"

Da yake zuwa da kai ya fi aike, sai na tafi garejin. Na tarar da yaron tare da maigidansa, wani fita namu wanda ya koyi aiki a Suame Magazine ta Kumasi. Yaron ya ce, "Malam, dubi bayanta, ka ga inda za a kama?" Na duba, ba mariƙi, ba ramin makulli, duk an cire an toshe an shafe sumul kamar ƙwai. Ashe ba son jiki ba ne, al'adar irin wannan mota ce. Muka zauna mu uku har magariba ta gabato, muna awo muna lissafi. Ƙarshenta muka ga aikin zai yiwu da kuɗi kaɗan, amma akwai haɗari uku waɗanda mai sayar da kaya ba ya faɗa wa mutum. Tun da samarinmu da yawa sun shiga wannan sha'awa, na ga ya kamata in shimfiɗa maganar a nan kowa ya amfana.

Mece ce hotrod?

Wanda bai sani ba, hotrod tsohuwar motar Amurka ce wadda aka rage mata nauyi, aka sa mata babban inji don gudu. Abin ya faro ne a kudancin Kalifoniya wajen shekarun 1930, inda samari marasa kuɗi sukan sayi tsofaffin Ford, su cire duk abin da ba dole ba, su tafi tsere a busassun tafkuna na hamada, kamar su Muroc da El Mirage. Wadda suka fi so ita ce Ford ta 1932, domin a shekarar ne kamfanin ya fito da inji mai silinda 8 da ƙarfin doki 65 a farashin da talaka zai iya. Bayan yaƙin duniya na biyu sai abin ya bunƙasa. A 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a raba samari da tsere a kan titi. Tun zamanin nan masu gyaran irin waɗannan motoci suke cire mariƙan ƙofa da na but don jiki ya yi santsi, su koma buɗewa da lantarki. Ku lura fa, asalin sana'ar ta talakawa ce, masu haɗa kaya daga bolar motoci. Saboda haka wanda ya nemi araha bai saɓa wa al'adarta ba.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Inda mutane suke asarar kuɗi shi ne rashin rarrabe abu biyu. Na fari, sakin kuba, watau a janye harshen da ke riƙe da murfi. Na biyu, ɗaga murfin kansa zuwa sama. Sakin kuba ƙarfi kaɗan yake so, cikin ƙiftawar ido. Ɗaga murfi kuwa ƙarfi mai yawa yake so, a hankali. Kafin ka fid da ko sisi, ka tambayi kanka: so kake murfi ya buɗe kurum, ko so kake ya buɗe ya kuma rufe da kansa? In buɗewa ce kaɗai, hanya ta fari da ta biyu sun ishe ka. In har da rufewa, sai ta uku.

Hanya ta fari: solanoyid

Solanoyid wani ɗan gwangwani ne da aka naɗe waya a cikinsa, da ƙarfe a tsakiya. In wuta ta shiga sai ya zama maganaɗisu, ya fizgi ƙarfen, ƙarfen kuma ya ja 'yar igiyar da aka ɗaura wa harshen kuba. Masu sayarwa sukan rubuta ƙarfinsa da laba. Mutane sukan ruga su sayi mafi girma, alhali kuwa sau da yawa tsatsa ce da busasshen giris suka sa kubar ta yi tauri. Ka fara kwance ta, ka wanke, ka sa mata sabon giris, sa'an nan ka ja harshen da ɗan sikeli mai ƙugiya ka ga laba nawa take so. Ka sayi wanda ya ninka wannan, shi ke nan.

Wajen ɗaurawa, a sa shi daidai saitin harshen, igiya ta tafi a miƙe, kada ta yi kwana. A bar mata ɗan sako-sako kaɗan, domin ƙarfin solanoyid ya fi yawa a ƙarshen tafiyarsa, yana bukatar ya ɗan zabura kafin ya ci karo da nauyi. Maɓallinsa kuwa lalle ya zama irin wanda ke komowa da kansa in an ɗauke yatsa. In wuta ta daɗe a cikinsa zai yi zafi ya ƙone.

In kubar mai laushi ce, akwai abin da ya fi wannan araha, watau ɗan injin nan mai waya biyu da ke kulle ƙofofin motocin zamani. Bai kai solanoyid ƙarfi ba, amma ba ya shan wuta da yawa, ba ya kuma ƙara. Hanyar da fita namu ya fi so kuwa ita ce a tafi bolar motoci, irin wadda kake shiga da sifanarka ka kwance abin da kake so ka biya a ƙofa. A can ka ciro kubar but sukutum, wadda tun daga kamfani take da lantarkinta, tare da ƙarfen da take cafkewa, da filoginta da ɗan guntun waya. Ka gwada ta a kan batir kafin ka biya. Wannan kaya ne da aka yi shi don ya yi shekara da shekaru yana aiki, ya fi sabo na jabu nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu: a ƙara sandar gas

To, kuba ta saki, wa zai ɗaga murfi? Waɗansu motocin Amurka suna da dogayen ƙarafa biyu a gicciye ƙarƙashin gilashin baya, waɗanda ke murɗewa su riƙe murfi. In motarka tana da su, ana iya matsar da su zuwa tsagi na gaba, ƙarfinsu ya ƙaru. Amma a yi hattara, in suka kuɓuce suna karya yatsa. In ba ta da su, sai a sa sandar gas, irin wadda kuke gani tana riƙe ƙofar bayan motocin zamani. Iskar nitirojin ce aka matse a cikinta, ba ta shan wuta ko kaɗan.

A nan ne lissafi ya shigo, ba shi kuwa da wuya. Ka kwance duk abin da ke riƙe murfin, ka ɗauko sikelin awon mutum, ka tokare bakin murfi da itace a kan sikelin. A misali, sikeli ya nuna laba 20, daga hinji zuwa inda ka tokare kuma inci 40 ne. Ka buga 20 sau 40, ya ba ka 800. Sa'an nan ka auna tazarar da ke tsakanin hinji da layin da sanda za ta bi, a ce inci 4. Ka raba 800 gida 4, ya ba ka laba 200. Watau murfin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, in ta kusa da hinji za a tura shi, sai an sami ƙarfin laba 200. Kamar ƙofar zaure ce, in ka tura ta daga bakinta sai ta tafi, in ka tura ta daga gindi sai ka yi nishi. In sanda biyu za ka sa, kowacce ta ɗauki laba 100, ka ɗan ƙara kaɗan bisa haka don murfin ya tashi da kansa. A jikin sanda akan rubuta ƙarfinta da harafin N. Laba ɗaya N 4.45 ce, saboda haka laba 100 ta kama N 445.

Abu uku za a kiyaye. A kafa ta yadda siririn ƙarfenta zai dubi ƙasa lokacin da murfi ke rufe, don man da ke ciki ya riƙa jiƙa robar bakinta. A sani kuma sanyi yana rage mata ƙarfi, wadda ke cilla murfi a watan Yuli tana iya kasa shi a Janairun Niyu Yok. Kada kuma a huda ta ko a kai mata wutar walda. Solanoyid da sanduna biyu da rile da fiyus da waya, in mutum ya yi cinikinsa da hankali, gaba ɗaya ba za su kai dala 100 ba. Wannan ita ce hanyar da na fi yaba wa mai ƙaramin ƙarfi.

Hanya ta uku: jak na lantarki

Wanda ya nace sai murfi ya tashi ya kuma sauka da kansa, to, sai ya nemi sandar nan mai inji, wadda zan kira jak na lantarki. Ɗan inji ne ke juya dogon sukuru a cikinta, sanda ta fito, in an juya kan wayoyi kuma ta koma. Ita ce zuciyar kayan nan masu tsada da ake sayarwa a kwali da sunan hotrod. Irinta ake amfani da ita a gona da jirgin ruwa da kujerun kwanciya, in ka saye ta tsurarta ka ƙera maƙalanta da kanka, gomiyoyin daloli za ka kashe maimakon ɗaruruwa.

Lissafin ƙarfi shi ne wanda muka yi a sama, sai dai a nan a sayi wadda ta ɗara abin da lissafi ya bayar sosai. Tsawon tafiyarta kuwa, ka sa alama inda za ka kafa ta a jikin mota da inda za ta kama murfi, ka auna tsakaninsu murfi na rufe, ka sake aunawa yana buɗe. Bambancin shi ne tafiyar da kake bukata. Ana samunsu masu inci 4 da 6 da 8 har 12. Ka yanka kwali ko katako ka gwada kafin ka huda ƙarfe. Ka sani kuma mai ƙarfi ba ta sauri. Wadda ke tafiyar rabin inci a daƙiƙa, in tafiyarta inci 8 ce, sai ka tsaya daƙiƙa 16 kana jira, ko da ruwa ake yi. Ka zaɓi mai makashi a ciki, wadda ke tsayawa da kanta in ta kai ƙarshe, ka daidaita ta yadda ƙarshen tafiyarta zai zo daidai da zaman murfi a kan robarsa.

Ga tarkon da ke cikinta. Jak ba ya jin ciwo, ba ya kuma sanin ya isa. In ya fara turawa alhali kuba ba ta saki ba, zai lanƙwasa murfin, in kuwa jikin motar na faiba ne, kamar yawancin waɗanda ake sayarwa sababbi da siffar Ford ta 1932, sai ya tsage. Maganin wannan, a yi wa maƙalin dogon rami maimakon zagayayye, don sandar ta ɗan yi tafiya a banza kafin ta ɗauki nauyi, kuba ta riga ta saki. Ko kuwa a sa rile mai jinkiri. A liƙa faffaɗan ƙarfe a inda za ta kama murfi don nauyi ya bazu. Jak ɗaya a tsakiya, ko ɗaya tare da sandar gas a ɗaya gefen, ya fi biyu, domin biyu ba safai suke tafiya daidai ba, sai su murɗe murfin. Waɗansu sukan yi dabara da injin ɗaga gilashin ƙofa daga bola. Yana yi, amma ba shi da makashi a ciki, sai ka sa masa da kanka.

Maganar waya

Duk waɗannan kaya na bolt 12 ne. Motocin Ford har zuwa 1955 bolt 6 suke, kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota. A 1956 suka koma 12, Chevrolet kuwa tun 1955. Saboda haka ka tabbata an riga an juya taka.

Kada ka bar wutar solanoyid ta bi ta cikin ɗan maɓalli, sai ta rile. Rile na mota mai ƙafa biyar yana da lambobi a gindinsa. Lamba 85 da 86 su ne na maɓalli, watau masu ba da umurni. Lamba 30 ita ce uwa, tana manne da 87a in ba wuta, ta koma 87 in an danna. Ga solanoyid, rile ɗaya ya isa: wuta daga batir ta shiga 30, ta fita 87 zuwa gare shi. Ga jak kuwa sai biyu. Kowace wayar jak ta tafi lamba 30 ta rile ɗaya, 87a duka biyu su tafi jikin mota, 87 duka biyu su tafi batir. Ka danna wannan murfi ya hau, ka danna wancan ya sauka.

Fiyus kuwa wajibi ne, a sa shi dab da batir, girmansa gwargwadon abin da takardar kayan ta faɗa. Wayar da ba fiyus, in ta goge ta taɓa ƙarfe, ita ce ke zama garwashi. A awon Amurka, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, watau 12 ta fi 16 kauri, kada ka yi rowa a nan. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. In jikin motar na faiba ne, wuta ba ta binsa, sai a kai wayar komawa har kan shasi. Mai son rimot ya sani ɗan akwatinsa kullum yana tsotson batir kaɗan kaɗan, in za a ajiye mota duk lokacin sanyi sai a cire kan batir. Daɗa, a haɗa maɓallin yadda ba zai yi aiki ba in inji na tafiya, kada gwiwa ta taɓa shi murfi ya tashi a tsakiyar babban titi.

Haɗari uku

Na fari, masu hotrod da yawa sukan mai da batir cikin but don wuri ya yi ƙaranci a gaba. To, ran da batir ya mutu fa? Ba mariƙi, ba makulli, batirin da zai buɗe yana kulle a ciki, jak kuwa ko ƙato bai iya tura sukurunsa baya. Sai a fasa fentin da aka kashe wa dukiya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saboda haka a ɓoye igiyar hannu ƙarƙashin mota ko bayan kujera, wadda za ta ja kuba. A maƙala jak da fil mai zarewa wanda hannu ke iya kaiwa gare shi. A kuma fito da kawunan batir biyu waje, a wani lungu, inda za a iya jona wani batirin.

Na biyu, wuta da hayaƙi. Tankin mai na irin waɗannan motoci sau da yawa cikin but yake ko dab da shi. Rile da inji suna tartsatsi, ƙanƙane ne amma ya isa ya kunna tururin fetur. A nisanta su da tanki, a tabbata bututun numfashin tanki waje yake fita. Murfin kuma ya zauna daram a kan robarsa, in ba haka ba hayaƙin salansa yakan komo ciki, gubar da ke cikinsa kuwa ba ta da launi ba ta da wari.

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai, watau yara. A watannin Yuli da Agusta na 1998, yara 11 suka mutu a cikin but ɗin motoci a jihohi uku na ƙasar nan, Niyu Meksiko da Fensilbeniya da Yuta. Wasa suke, suka shiga, murfi ya rufe, zafi ya gama da su. Bayan wannan ne hukuma ta kafa doka cewa daga 1 ga Satumba 2001 kowace sabuwar mota mai but sai an sa mata abin buɗewa daga ciki, shi ne ɗan mariƙin nan mai haske cikin duhu da kuke gani. Motar 1932 ba ta san wannan doka ba. Ga ta kuwa da ban sha'awa, ga maɓalli mai sa murfi ya tashi kamar bakin kada, wane yaro ne ba zai so ya taɓa ba? Mu kuwa kun san gidajenmu, ran suna ko biki yara ashirin ne ke zagaye da mota, ba mai ƙirga su. Don Allah duk wanda zai yi wannan aiki ya sa igiyar buɗewa daga ciki, mai mariƙi mai haske, wadda hannun ɗan shekara huɗu zai iya ja. Ya ajiye rimot inda yaro ba ya kaiwa. In jak ya sa, maɓallin rufewa ya zama sai an riƙe shi murfi ke tafiya, mai riƙewar kuma yana tsaye yana gani, domin abin da ke tura laba 200 ba ya tsayawa don yatsa.

Yadda muka ƙare

Yaron ya haƙura da jak. Ya ciro kuba daga bola, ya sayi sandunan gas biyu da rile da fiyus, ya sa igiya biyu, ta waje da ta ciki. Na koma wurin mahaifinsa na ce, "Alhaji, hannunsa lafiya lau, kuɗin kuma bai kai abin da aka faɗa maka ba." Na ce masa kuma yaron da ke kwana yana koyon awo da walda da haɗa waya, ba a ce ya ɓata lokaci ba, sana'a ce yake tarawa. Shi kuma yaron na ce masa daidai ruwa daidai tsaki, kada murfin but ya ci kuɗin haya, ko abin da ake aika wa tsofaffi a gida. Samarinmu masu irin wannan mota, ku yi lissafi kafin ku saya, ku sa fiyus, ku sa igiyar ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah shi kiyaye mu da zuriyarmu. Sai wata mai zuwa in muna da rai. Haza wasalam.